Hancin Mota

A hutun hunturun da ya wuce, kawuna ya aike ni gareji in tsaya a kan gyaran motarsa, wata tsohuwar Peugeot 504 da yake haya da ita. Da ita yake ci da gidansa, har kuɗin littattafaina daga jikinta suke fitowa. To, ga shi ta fara hayaƙi, tana shan baƙin mai kamar ruwa.

Da bakanike ya buɗe gwangwanin da iska ke bi kafin ta shiga kafireto, sai muka tarar wayam, babu matatar iska a ciki. Ashe wani yaron gareji ne ya cire ta da ta toshe, wai don motar ta sami numfashi. Ta kuwa samu, amma tare da ƙura. Ƙurar nan ita ta riƙa goge ringi da bangon silinda kamar dutsen wasa wuƙa, har injin ya sassauce.

Da na koma makaranta na ba malaminmu na kimiyya labari. Ya ce ai injin ya fi shan iska a kan fetur nesa ba kusa ba: kowane kilo 1 na fetur yana bukatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone sosai. Wato lita guda tana tafiya da iska wajen lita 9,000. 'Yan'uwana ɗalibai, ku auna ƙurar da ke cikin wannan a watan Janairu!

Nan wahalar mai tsara hancin mota take. In ramukan matata sun yi ƙanana, injin ya shaƙe. In sun yi faɗi, ƙura ta wuce. In bakin bututun yana kusa da injin, iska mai zafi zai ja, ita kuwa ba ta da nauyin mai sanyi, sai ƙarfi ya ragu. In ya yi ƙasa, ruwan damina ya shiga, fistin kuwa ba ya iya matse ruwa. Shi ya sa motocin daji ake ɗaga musu bututu har saman gilashi.

An sauke injin Kawu, motar ta yi sati uku ba ta fita ba, sai da ya sayar da raguna biyu. Yanzu kowace Juma'a da kansa yake fitar da matatar ya kakkaɓe, in ina gida kuwa ni yake miƙa wa.