Garin da ba a jin daka

Tun da na dawo daga Faransa, duk wadda ta zo mini barka da sauka tambayarta guda ce: "Yaya Paris?" To ni ban zauna cikin Paris ba. Kusan wata uku na yi a wani gari na gefenta, Saint-Maur-des-Fossés, wanda mutanen wurin ke ce ma San Mor a taƙaice. Ƙanwata ce ta haihu, na je mata zaman jego, tun da ciwon ƙafa ya hana innarmu doguwar tafiya.

San Mor na kudu maso gabas da Paris. Gulbin Marn ya naɗe shi kusan ta ko'ina, sai ɗan wuya guda ya rage wanda ya haɗa shi da tudu. Mutanensa wajen 75,000 ne. Unguwanni da yawa gidaje ne na iyali ɗai-ɗai, kowane da ɗan lambunsa, da shinge, da ƙofar ƙarfe mai ƙararrawa. Amma aikin yawancin masu aiki ba a nan yake ba. Jirgin ƙasan da ake kira RER A na da tasha huɗu a garin, kuma cikin minti ashirin da ɗoriya ya kai ki tsakiyar Paris. Layin nan shi kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da miliyan guda a ranar aiki. Daga ƙarfe bakwai zuwa tara na safe sai ki ga mutane na ta kwarara tasha, kowa da jakarsa, ba mai tsayawa gaisuwa. Ni dai na sa masa suna ci ranin yini guda. In suka wuce, garin sai ya koma hannun tsofaffi da jarirai da masu reno, kamar ƙauyukanmu bayan an gama girbi samari sun watse.

Shirun wurin shi ya fara kama ni. Ba daka, ba carar zakara, ba yarinya mai tallan fura, ba akuyar maƙwabta. Kiran salla ma waya ce ke yi maki, ga shi a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan goma na dare, kina hamma kina jiran magariba. Hayaniya kuwa doka gare ta: injin yankan ciyawar lambu ma akwai awoyin da aka yarda a tada shi. Su ƙanwata haya suke a bene, kuma ranar da na jawo ɗan turminta zan daka yajin jego sai ta riƙe mini hannu: "Yaya, tsaya, akwai tsohuwa a ƙasanmu." Sai da ta ninka bargo ta sa ƙarƙashin turmin, muka yi dakan kamar masu sata.

Kada ku ce kushe wurin na zo yi. Barcin da na yi can, rabona da irinsa tun ina budurwa. Ruwan zafi na zuwa a pampo, mai jego ba ta neman itace. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa tsofaffin matan ne. Za ki ga wadda ta haura tamanin ta yi kwalliyarta, tana jan ɗan kekenta na cefane zuwa kasuwar Adamvil, ta zaɓi kifinta da kanta, ta biya da katinta. Kuɗin fanshonta na faɗawa asusunta na banki duk wata, da sunanta, ba ta jiran ɗa ko suruki ya tuna da ita. Mace a Faransa, in aka yi lissafin tsaka-tsaki, tana kai shekara 85. Mu da muke zubi mako-mako don kada tsufa ya same mu hannu wofi, wallahi dole abin ya burge mu.

Dalilin yawan tsofaffin ba ɓoyayye ba ne. Da yawansu sun sayi gidajen tun suna da ƙarfi, lokacin da kuɗin gida bai yi tashin yanzu ba, suka reni ƴaƴansu a ciki. Yau kuɗin ya fi ƙarfin matashi mai sabon aure, sai ya nemi wuri can nesa, wani ma wata jiha ko wata ƙasa. Iyaye kuma ba su son barin inda suka saba. Miji ya rasu, sai a bar mace ita kaɗai cikin gida mai ɗaki huɗu ko biyar, tagogin sama a rufe shekara da shekaru.

Cikin gidajen nan na san shi ta bakin ƙanwata, don aikinta ke nan: kula da tsofaffi a gidajensu. Kafin ta haihu tana zaga gida huɗu ko biyar a yini, ta yi ma wannan wanka, ta sa ma waccan tufa, ta ɗumama abinci, ta wuce. Matan Afirka na da yawa a wannan aiki. Tun 2002 akwai wani taimako da ake kira APA, wanda hukumar jiha ke ba mai shekara 60 zuwa sama in ƙarfinsa ya gaza, da shi ake biyan wani kaso na ladan mai kula. Ma'aikatar magajin gari na kai abinci har gida ga wanda ya nema. Akwai kuma wani ɗan maɓalli da tsohuwa ke ratayawa a wuya ko a hannu, in ta faɗi ta danna, a kira ta, a turo mai taimako. Komi an tsara. Sai dai komi da agogo ake yin sa. Ƙanwata ta ce akwai wadda in an gama mata wanka sai ta ɓoye tabaronta, wai a taya ta nema, don dai a ƙara minti biyar. "Yaya, ba wankan take jira ba, bakin da zai yi mata magana take jira."

Tsohuwar ƙasanmu, wadda muka yi ma dakan sata, na yi sati biyu ina ce mata "bonjur madam" tana gyaɗa kai kawai. Ranar da ta gan ni da jaririn goye a baya sai ta tsaya, ta zagayo tana duba yadda zanen ya riƙe shi. Faransancina bai taka kara ya karya ba, amma mun yi hirar da ta fi ta minti ashirin a bakin matakala. Daga ranar, in ta ji saukowata sai in ji ƙofarta ta buɗe.

Akwai labarin da duk mai wannan aiki ya sani. A watan Agusta na 2003 an yi zafi a Faransa, a Paris ma'auni ya kusa 40. Mu nan wannan ai zafin bazara ne na kullum, amma can gidajen don sanyi aka gina su. Mutum kusan 15,000 suka mutu cikin ƴan makonni, yawancinsu tsofaffi, da yawa su kaɗai a ɗaki, ga shi watan hutu ne, iyalai sun yi tafiya. Gawa 57 ba wanda ya zo nema, aka binne su a maƙabartar Tiye, cikin jiha guda da San Mor, shugaban ƙasa Shirak na tsaye. Bayan haka, a 2004, aka yi doka: kowace ma'aikatar magajin gari ta buɗe littafin sunayen tsofaffi da naƙasassu masu zaman kaɗaici da suka yarda a rubuta su, in zafi ya tashi a dinga kiran su ana jin lafiyarsu. Suna kuma da bikin maƙwabta, wanda aka faro a Paris a 1999, rana guda a shekara wajen ƙarshen Mayu, a fito da tebur a ci abinci tare. Da na ji, dariya ta kama ni, wai sai an sa rana kafin a san maƙwabci.

Ranar Lahadi mukan haye gulbi zuwa Kiretai, inda baƙi suka fi yawa, ga babban masallaci. Can matanmu ke adashinsu na wata-wata, Yuro 50 kowace, kusan jikka 33 ke nan. Nan ne kaɗai na ji an ɗaga murya an yi shewa.

Dariyar da na yi ma bikin maƙwabta ba ta daɗe ba, don maganar littafin nan ta bi ni har gida. Mu ma muna da tsofaffin da ƴaƴansu ke Abijan, ko Libiya, ko wajen haƙar zinariya a arewa, an bar su da jikoki, kuma su ba fansho. In zubi ya gagari tsohuwa sai ta daina zuwa taro don kunya, mu kuma mu ja layi kan sunanta. Littafinmu na da shafin zubi, da na bashi, da na tara, amma ba shafin wadda ta daina zuwa. A ƙungiyarmu mun buɗe shi makon jiya, suna bakwai muka rubuta, kuma mata biyu za su dinga leƙa su kowane mako kafin zafin Afrilu ya shigo. Inda ba mu daidaita ba shi ne ko za a taɓa asusun taimako a kai masu ɗan sabulu da tiyar gero. Ma'ajiyarmu ta ce kuɗin na masu zubi ne, kuma tana da hujjarta. Wasu sun ce biyu daga cikin bakwai ɗin da su aka kafa ƙungiyar. An ɗage maganar zuwa taron Alhamis, kuma in akwai ƙungiyar da ta riga mu warware irin wannan, ta aiko mana da yadda ta yi.