Tsibirin Gobir: Zama Da Tsoron Maciji

Tsibiri tana kusa da Maraɗi, a bakin gulbi. Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa garin bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Fadamarta mai albarka ce, amma damshi da hatsi suna tara kwaɗi da ɓeraye, maciji kuwa abincinsa yake bi.

Da damina, in ruwa ya cika ramuka, sai ya hauro cikin gida. Ƙarƙashin rumbu, tarin kara, akurkin kaji, duk maɓoya ce. Shi ya sa in magariba ta yi, mace mai lura ba ta sa hannu cikin itace sai ta buga shi da sanda. Da dare ma ba a kiran sunansa, sai a ce igiyar ƙasa.

Yara kumurci suke tsoro, don yana fasa kai yana tofa dafi a ido. Wanda ya tofa wa, a wanke masa idon da ruwa mai yawa. Amma kububuwa ta fi kisa. Ƙarama ce, launinta kamar ƙasa, mai tafiya ba takalmi ba fitila sai ya taka ta. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum ya kwana yana cewa ya ji sauƙi, kashegari jini na fita daga dasashinsa.

Jinkirin nan ne ke cin rai, ana tsaga, ana ɗauri, ana jiran mai magani. Allurar kashe dafi a asibiti ake yin ta. Daga Tsibiri ko Jiratawa, Maraɗi ba nisa. A ɗora shi bisa amalanke ko babur, kada ya taka ƙafar.