Shagon 'Yan Fashin Teku a San Fransisko

An ce mini kada in kuskura in bar San Fransisko ban leƙa gida mai lamba 826 a titin Valencia ba, wai a nan ake koya wa yara ƙirƙirar labari. Na sauka daga jirgin ƙasa a unguwar Mission, inda Sifaniyanci ke gogayya da Turanci a kunnen mutum, na bi lambobin gidaje har na iso. Sai ga ni a shago! Ga ƙafar katako, ga ƙyallen rufe ido ɗaya, ga ƙwayar ido ta gilashi, ga tuta mai ƙoƙon kai. Ko a Kasuwar Kurmi ban taɓa ganin mai sayar da kayan 'yan fashin teku ba. Na tsaya turus ina sake duba adireshi.

Mai tsaron shagon ce ta warware mini. Marubuci Dave Eggers da malama Nínive Calegari ne suka buɗe wurin a 2002. Dokar birni ta ce layin na kasuwanci ne, dole a kasa haja a gaba, sai suka zaɓi wannan. Cinikin na tallafa wa aikin, karatun kuwa kyauta ne ga yara daga shekara 6 zuwa 18.

Ta shigar da ni ciki, na tarar da 'yan firamare aji guda sun zo da malamarsu. Wani ɗan sa-kai na zaune gaban kwamfuta, majigi na haska abin da yake bugawa a bango. Wata kuma na tsaye tana jan su da tambaya: wane ne gwarzon labarinmu? Me yake nema? Me yake tsoro? Hannuwa suka tashi. Aka tsayar da magana a kan wata ƙaguwa mai tsoron ruwa, mai zane na gefe har ya soma fitar da ƙafafunta.

Akwai wani ɗan siririn yaro a baya da bai ce uffan ba. Da aka zo kansa, ya faɗi jimla ɗaya can ƙasa-ƙasa, wai ƙaguwar tana da laima. Kafin ya rufe baki maganarsa ta bayyana a bango da manyan haruffa, yadda ya faɗe ta, ba a gyara masa komai ba. Ya dafe baki da hannu biyu, ya waiwayi abokinsa. Wallahi abin ya taɓa ni. Mun taso da Gizo da Ƙoƙi, amma a aji in an ce insha'i, sai “Makarantarmu” da jan biro. Ban tuna ranar da wani babba ya zauna yana rubuta abin da na ƙago ba.

Can sai wata murya mai faɗa ta ɓarke daga lasifika, na zabura. Ashe wasa ne: wani edita ne da ba a ganinsa, yana cewa yara ba su iya rubutu ba. Nan fa aji ya ɗauki zafi! Da labari ya kai inda ya fi daɗi aka tsayar da shi, kowa ya rubuta nasa ƙarshen. Kafin su tafi an buga, an ɗinke, kowane yaro ya fita da littafi mai sunansa da hotonsa.

Na tambayi 'yar sa-kan yadda suka yi a 2020 da korona ta rufe makarantu. Ta ce komawa intanet suka yi, ta buɗe kwamfutarta ta nuna mini: yaro a gidansu, mai koyarwa a nasa, suna ganin juna ta bidiyo, shafi ɗaya a gabansu. Yaro na bugawa, babba na ajiye masa tambaya a gefen shafi, gyaran kurakurai sai labari ya miƙe. Na tuna marubutanmu na Kano da ke buga littafi sukutum a waya suna rabawa ta WhatsApp; yatsun da wayar duk muna da su.

Ta ƙara da cewa ƙungiyarsu ta ƙasa na da shafi mai suna 826 Digital, inda malamai ke ɗaukar darussan rubutu kyauta. Nan take na tura wa ƙanwata sunan, don tana koyar da 'yan aji huɗu.