Kakar Farko ta GP2, Daga Kan Bencin Gidan Kallo a Gwarzo

Duk wanda ya yi zaman gidan kallo a Gwarzo a shekarar 2005, in ka tambaye shi abin da ya fi tsaya masa a rai, ɗayan biyu zai ce maka: ko daren da Liverpool ta farke ƙwallo uku ta ƙwace kofin Turai a hannun AC Milan a Istanbul, ko ranar da Messi ya ci Flying Eagles da fanareti biyu a wasan ƙarshe na 'yan ƙasa da shekara 20 a Holan. Ni ma da ni aka kalli duka biyun. Amma abin da ya zauna mini daram a zuciya daga waccan shekara shi ne wata gasar tseren motoci ta matasa da aka buɗe a lokacin, mai suna GP2, wadda masu kallonta a wurinmu ba mu cika benci ɗaya ba.

Lokacin ina yaron gareji, ina koyon kanikanci a bakin titin da ya taso daga Kano ta Rimin Gado ya nausa Dayi. Maigidanmu mutumin Kabo ne, a kan babur yake zuwa da sassafe, sai bayan Magariba ya koma. Aikinmu bai wuce Peugeot 504 da 505 da J5 da Golf na 'yan haya ba. Mu ne muke duba janaretan mai gidan kallo, ladanmu kuwa shi ne ya juya mana tashar tsere ranar Asabar da yamma in babu ƙwallo, da kuma ranar Lahadi da hantsi. Da aka shiga hutun ƙwallon Turai, damina ta kankama, sai talabijin ɗin ta zama kamar tamu.

Motocin ba su da rufi, tayoyinsu huɗu a waje suke tsirara, mazaunin mutum ɗaya ne, direba a kishingiɗe ba a ganin komai nasa sai hular kwano. An kafa gasar ne a gurbin wata tsohuwa mai suna Formula 3000, domin ta zama matakin ƙarshe kafin yaro ya shiga Formula 1. Ƙungiyoyi 12, kowacce da mota biyu. Abin da ya kama maigida tun ranar farko, har ya ajiye aiki ya riƙa zama da mu, shi ne jin cewa duk motocin nan iri ɗaya ne. Gangar jikin kamfanin Dallara na Italiya ne ya ƙera wa kowa. Injin mai silinda takwas ne, lita 4, ƙarfin doki kusan 600, ɗauke da sunan Renault. Taya ta Bridgestone ce. Ba a yarda mai kuɗi ya ƙero tasa ba.

Wannan magana bakanike ya fi kowa gane ta. A garejinmu ana kawo 504 biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya a Kaduna, ɗaya tana tashi kamar ta yi fiffike, ɗaya tana tari tana shan mai, kuma bambancin duk yana hannun wanda ya yi saitin kafireta da ƙafar wanda yake taka totur. Maigida yakan ɗora tsinin sukuddireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya rufe ido, ya ce filogi na uku ne. In an kwance, shi ɗin ne. To ga gasa sukutum an gina ta a kan haka: mota ɗaya, sai saitin fiffike da na shoka da iskar taya, sai kuma zuciyar yaron da ke riƙe da sitiyari.

An fara ne a Imola ta Italiya ranar 23 ga Afrilu, muna tsakiyar zafin bazara, kwanon rufin gidan kallo yana gasa mu. Farawar ba ta yi kyau ba. Sababbin motoci ne da ba su gama faɗawa ba, wasu suka mace tun kafin a tashi, wasu birki ya ba su matsala. Maigida ya kalle ni ya ce, "Kai yaro, ka gani ko? Har can ma mota tana ƙin tashi." Na ce, "Na gani, Maigida." A ranar na daina jin kunyar baƙin mai a rigata. Heikki Kovalainen, ɗan ƙasar Finlan mai tuƙa wa ƙungiyar Arden, shi ya ci wannan tsere na farko, nan take kuma maigida ya ɗauke shi nasa.

Tsarin gasar ya jawo mana musu ba kaɗan ba. Ranar Asabar ake dogon tsere, dole kowa ya tsaya sau ɗaya a sauya masa taya, na ɗaya ya sami maki 10. Ranar Lahadi sai gajere mai maki 6, amma a juya sahun mutum takwas na gaba: wanda ya zo na takwas jiya shi zai tashi a gaba, zakaran jiya ya koma na takwas. Mai gidan kallo ya ce wannan zalunci ne, ta yaya za a hukunta mutum don ya yi ƙoƙari? Ni kuwa har yau ina ganin babu abin da ya kai shi hikima. Tsere wa mutane a buɗaɗɗiyar hanya daban, kutsawa ta tsakanin mota bakwai ba ka fasa fiffikenka ba daban, kuma na biyun ne masu ɗaukar direba suke son gani.

Ni gwanina Nico Rosberg ne na ƙungiyar ART Grand Prix, yaron da ya cika shekara 20 a tsakiyar kakar. Mahaifinsa Keke ya ci kambun duniya a 1982. Maigida ba ya son jin wannan, ya ce ɗan gata ne, an share masa hanya. Nakan ce masa ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai ya nuna mini cewa akwai ɗan Nelson Piquet da ɗan Niki Lauda a cikin jerin, iyayensu kowanne ya ci kambun duniya sau uku, ina suke a teburi? Gaskiyarsa. Piquet ƙarami tsere ɗaya ya ci a shekarar, ɗan Lauda kuwa can ƙasa ya ƙare.

Watanni biyu na farko Kovalainen ya yi ta jan zare. Sai ranar 3 ga Yuli, washegarin ranar da Messi da Ajantina suka karya mana zuciya, garin duk ya yi tsit, muka shiga gidan kallo da hantsi mu kaɗai, Rosberg ya ci tserensa na farko a Magny-Cours ta Faransa. Daga nan ya ci dogon tsere a Silverstone, ya sake ci a Hockenheim a gaban 'yan ƙasarsu Jamus. Maigida ya ce ba yaron ne ya canza ba, kanikawan ART ne suka gano bakin zaren motar. Duk sa'ad da aka nuno wurin sauya taya sai ya miƙe tsaye ya matsa gaban talabijin, yana kallon yadda kowa ya san inda zai durƙusa, bindigar kwance noti tana ƙara, taya ta fita wata ta shiga cikin 'yan daƙiƙoƙi. Washegari a gareji sai ya sa mu jera sifanu bisa lamba a kan buhu kafin mu taɓa mota. Har yau haka nake yi.

Hadari ne babban abokin gabarmu. Da ya taso daga gabas sai hoton ya fara yayyagewa, motoci su daskare a tsakiyar kwana, mu zauna jugum muna jiran ruwa ya tsagaita. Wani lokaci sai an gama tsere hoton yake dawowa, mu tsinci sakamako a rubutun ƙasan allo.

A Spa ta Beljiyam, cikin Satumba, Rosberg ya haye saman teburi. Aka rufe kakar a Baharain ranakun 29 da 30 ga watan, ana saura kwanaki kaɗan a kama azumi, ya cinye tseren biyu duka. Ya ƙare da maki 120, Kovalainen 105, Scott Speed ɗan Amurka na uku. Kowanne cikin na gaba biyun tsere biyar ya ci a cikin 23 da aka yi, abin da maigida ya riƙe ke nan yana kare gwaninsa har tsawon shekaru.

Abin da nake kewa shi ne ganin mutum kafin duniya ta san shi. Shekara mai zuwa Rosberg ya shiga Formula 1 da Williams, kujerarsa ta ART kuma wani yaro baƙar fata ɗan Ingila, Lewis Hamilton, ya hau ta ya ci gasar 2006. Frédéric Vasseur da ke jagorantar ART a lokacin shi ya karɓi ragamar ƙungiyar Ferrari a 2023. Gasar ma ta sauya suna zuwa Formula 2 a 2017. Mu duk mun gan su suna ƙanana, a talabijin mai ƙeya, da ƙarar janareta a bayanmu. Yanzu kowa da wayarsa, tseren yana tafin hannu, hoto tas, amma babu wanda za ka yi musu da shi a gefenka. Motocin da ake kawo mini ma sai an jona musu kwamfuta kafin su faɗi ciwonsu. Kuma raina yana ɓaci in na ga samarin Gwarzo da Kabo suna wasa da babur da mota a kan titi ranar ɗaurin aure, wasu su karye, wasu su rasa rai. Akwai masu hannu da zuciya a cikinsu. Fili mai shinge da ƙananan motocin koyo da mai koyarwa suka rasa, irin inda su Rosberg suka fara tun suna yara.

A ƙarshen Nuwamba 2016 Rosberg ya ci kambun duniya a Abu Dhabi da motar Mercedes, bayan kwana biyar ya ce ya yi ritaya, yana da shekara 31. Na kira maigida a waya, lokacin ya bar gareji ya koma noma a Kabo. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To, yaron nan nawa na Finlan fa?" Na ce, "Yana Japan, Maigida, shi ma bana ya ci gasar Super GT da motar Lexus." Ya ce in tabbata na gaya wa mai gidan kallo.