Roba ma tana gajiya

Ƴan uwa mata, da yawa cikin ƙungiyoyinmu mun zuba kuɗin asusu a kujerun roba na haya. Ana cewa roba ba ta tsufa tunda ba ta tsatsa. To amma dukanmu mun taɓa ganin kujerar da ƙafafunta suka buɗe, alhali ba wanda ya buge ta.

Ga dalili. In roba ta daɗe ɗauke da nauyi, miƙewa take kaɗan-kaɗan, ba ta kuma komawa yadda take. Zafi yana gaggauta abin, hasken rana kuma ya busar da ita har ta tsage. Masu ƙera tiyon ruwa sun san haka. Sukan matsa ruwa cikinsa, su gwada shi a zafin digiri 80 har wajen shekara guda, sannan su lissafa ko zai kai shekara 50.

Mu kam bazararmu ta ishe mu gwaji. Mu ajiye kujeru a inuwa, kada mu jibga su har sama, kada a ɗora musu buhun hatsi. Duk hayar da ta shigo, mu ware kuɗin sabuwar kujera kafin rabo. In ba haka ba, uwar kuɗin muke ci muna kiranta riba.