Yadda Sawahili Ya Mayar Da Ni Ga Hausa

A Suki aka haife ni, a bakin Bahar Azrak, kuma da harshe biyu na tashi: Hausa a gida da hawasha, Larabci a makaranta da kasuwa. Kakanninmu hanyar Makka ce ta kawo su, kamar mutanen Mai Wurno da suka sauka bayan yaƙin Burmi na 1903. Amma ba zan ɓoye muku ba, in muka shiga kasuwa mahaifiyata ta ɗaga murya ta yi mini Hausa, sai in ji kamar in nutse, don gudun kada abokan karatu su ce ga ɗan Fallata.

A 1998 na sami aikin koyar da Larabci a tsibirin Zanzibar. Na sauka ban san ko kalma ɗaya ta Sawahili ba, ko in ce haka na zata. Kwana biyu sai kunnena ya fara tsinto 'yan gida: habari labari ne, sabuni sabulu, kalamu alƙalami, dunia kuwa duniyarmu ce. Yaro ya gai da babba da shikamoo, babba ya amsa marahaba. Na ce ashe abin mai sauƙi ne.

Lokaci ne ya fara kayar da ni. Wani maƙwabci ya gayyace ni ɗaurin aure, ya ce saa nne. Na san nne huɗu ke nan, sai na yi wanka na sa jallabiya na isa da La'asar, na tarar an watse tun tuni. Ashe su daga fitowar rana suke ƙirga sa'o'i, saa moja ita ce ƙarfe bakwai na safe, saa nne kuwa ƙarfe goma.

Da na koma gida, tsohuwar da nake haya a wurinta ta dube ni ta ce, "Pole, mwanangu." Wato sannu, ɗana. Wannan kalma ta tsaya mini a rai. Mai ciwo a ce masa pole, mai ɗauke da kaya pole, wanda ya yi tuntuɓe pole, in ana son ka bi a hankali a ce pole pole. Na juya Larabcin da nake taƙama da shi, ma'alesh ba ta kai nan ba. Sannu ce kaɗai ta dace, har da sannu sannu ɗinta. Na ce mata, "Mama, mu ma muna da ita a harshenmu." Ta ce wane harshe, ba Larabci ba? Ran nan na fara gaya wa wani baƙo da bakina cewa ni Bahaushe ne.

Namun daji ma sai da suka ba ni kunya. Gandun Dindir, wanda aka keɓe tun 1935, ga shi kusa da Suki, amma ban taɓa taka shi ba. Tsofaffinmu kan ba da labarin raƙuman dawa a can, kafin su ƙare. Ni sai a Mikumi na fara ganinsu, ta tagar mota a hanyar Iringa, yaran mota suna nunawa suna cewa twiga. A dajin Jozani kuma na ga jan birin nan da suke kira kima punju, wanda ke cin gawayi don ya kashe dafin ganyen da ya ci, in ba da idona na gani ba da na ƙaryata.

Da na zo hutu a 2000 na raka mahaifiyata kasuwar Suki. Tana cinikin albasa ta juyo ta yi mini magana da Larabci a hankali, yadda na koya mata da kunyata. Na amsa da Hausa, da ƙarfi, "Inna, ya yi tsada, mu je gaba."