Ɗanƙwairo da Fadar Tsafe: Muryar da Ta Fi Sarauta Daɗewa

Matafiyin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau sai ya ratsa Tsafe, sannan dutsen Kwatarkwashi ya tare masa ido kafin ya shiga birni. Da wuya motar haya ta gama wannan tafiya ba a sa waƙar Alhaji Musa Ɗanƙwairo ba, ko ta Narambaɗa, ko ta Sa'idu Faru. Direban da ya sa ta ba ɗan sarki ba ne, ba kuma domin shi aka yi ta ba. An yi ta ne domin mutum guda mai rawani, a zaure guda, da niyyar a faranta masa a kuma ƙona ran abokan hamayyarsa. Yadda waƙar da aka ɗinka wa mutum ɗaya ta zama rigar kowa shi ne abin dubawa a nan.

An haifi Ɗanƙwairo a ƙasar Bakura a farkon ƙarni na 20, a gidan kiɗa. Mahaifinsa Usman Ɗanƙwanda makaɗin Sarkin Ƙayan Maradun ne, yayansa Abdu Kurna shi ma makaɗi ne wanda ya gaji mahaifinsu, Musa kuwa ya daɗe yana amshi kafin ya zama jagora. Wannan daɗewa ita ce makarantarsa. Ɗan amshi a fada ba maimaici ba ne kawai. Shi ke karɓe ɗan waƙa daga bakin jagora ya ƙarasa shi, shi ke riƙe gindin waƙa kada ya kuɓuce, wani lokaci ma shi ke kawo kalmar da ta fi dacewa yayin da ake shirya waƙa a gida kafin a fito da ita. Duk wanda ya saurari Ɗanƙwairo da kunnen basira zai ji cewa rabin daɗin yana wajen mutanen da ke bayansa: yadda suke shigowa kafin ya sauke numfashi, su ɗaga murya tare, kotso yana bin su kamar shi ma magana yake. Sunan mutum ɗaya aka rubuta a kan kaset, amma aikin na ƙungiya ne, kuma yawancin masu sauraro ba za su iya kiran sunan ɗan amshi ko ɗaya ba.

Siyasa ce ta fito da shi daga Maradun. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello yana bukatar murya irin ta fada wadda za ta yi masa aiki a fagen jam'iyya, Ɗanƙwairo kuwa ya iya yabon da ke haɗa asali da iko: jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a hannu ɗaya, kujerar Firimiya a ɗayan. Rediyon Kaduna ya ɗauki wannan murya ya kai ta garuruwan da ba su taɓa ganin kotso ba. Da aka kashe Sardauna ranar 15 ga Janairun 1966, makaɗin ya rasa ubangida mafi girma a Arewa.

Fadar 'Yandoton Tsafe Aliyu ta zame masa wurin zama, kuma waƙar da ya yi masa tana cikin waɗanda aka fi sani a duk abin da ya bari. Akwai abin mamaki a nan. Tsafe a lokacin gunduma ce a ƙarƙashin Sakkwato, ba ta kai Kano ko Daura ba, waɗanda Ɗanƙwairo ya yi wa sarakunansu Ado Bayero da Muhammadu Bashar waƙa. Amma a bakinsa sai 'Yandoto ya zama jarumin da ke shirin gaba da abokan gaba, mai dawaki da makamai, a zamanin da yaƙin sarakuna ya ƙare tun zuwan Turawa. A shekarun nan ne ma gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin da ya rage. Sarauta tana raguwa a ofis, tana ƙaruwa a waƙa. Ana iya cewa Ɗanƙwairo ya yi wa sarakuna hidimar da ba su san girmanta ba: ya ajiye musu kwarjini a wurin da doka ba ta iya kaiwa.

Ba shi kaɗai ba ne a wannan yanki. Salihu Jankiɗi, mutumin Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na III. Ibrahim Narambaɗa ya tsaya ga Sarkin Gobir na Isa, Sa'idu Faru ya fi shahara da Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo. Ƙasar Zamfara ta fitar da makaɗan fada fiye da rabonta, kuma Hausar da suka yi waƙa da ita, mai ninka baƙi da kalmomin da mutumin Kano sai ya tambaya, ta zama a kunnen jama'a ita ce harshen sarauta.

Ya kamata mai karatu ya yi hattara da wata magana da ake yawan yi, wai makaɗan fada masu adana tarihi ne. Suna adana shi, amma irin adanar lauya ga wanda ya ɗauke shi aiki. Jerin kakannin da makaɗi ke kawowa yakan tsallake wanda ba a son ambato. Zambo kuwa makami ne: ɗan sarkin da ya nemi sarauta bai samu ba sai a mai da shi wata dabba, a siffanta tafiyarsa da rowarsa, ba a faɗi sunansa ba amma duk garin ya gane. Mutumin ya mutu, jikokinsa suna nan, ana jin waƙar a wayoyi ana dariya. Gwanintar ba ta wanke wannan ba, kuma wanda ke nazari da gaskiya dole ya riƙe duka biyun.

Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, shekara biyar kafin a ƙirƙiri Jihar Zamfara. 'Ya'yansa da jikokinsa sun ci gaba da kiɗan kotso. Gadon ya kuma bi wata hanya, ta jami'a. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana bin makaɗa yana rubuta waƙoƙinsu da tarihinsu, littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka ya ba ɗalibai ma'aunin da suke rarrabe turke da salo da zubi da shi. Mawaƙan sitidiyo irin su Aminu Ala da Naziru Sarkin Waƙa, idan suka juya ga sarakuna, tsarin nan suke bi na yabo da kirari da habaici, sai dai fiyano ta maye gurbin kotso, kwamfuta kuma ta rage bukatar mutum goma masu numfashi ɗaya.

Wannan ragin ne ya fi komai barazana. Kalmomin waƙa suna cikin littattafai, sautinta yana YouTube, galibi ba shekara ba wuri ba sunan waɗanda suka yi amshi. Amma iya karɓa da ƙari ba a takarda ake koyonsa ba, sai yaro ya tsaya bayan jagora shekara da shekaru, a bikin salla da naɗin sarauta da tafiye-tafiye tsakanin fadoji. Hanyoyin ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da Maradun yanzu ba kowane lokaci ake bin su ba saboda 'yan bindiga, manomin da zai ba makaɗi dame ya bar gonarsa, hakimin da zai ba da doki da riga shi ma albashi yake jira.